Karen kiwo boda koli: tambayoyi da amsoshi kan renonsa, horonsa da wasanninsa

Boda koli, wanda ake rubutawa Border Collie a Turance, shi ne karen da makiyayan tumaki na Birtaniya suka fi dogara da shi, kuma shi ne ya mamaye filayen wasannin karnuka a Turai da Amurka. Ga tambayoyin da masu son ajiye shi suka fi yi.

Daga ina ya fito, kuma yaya kamanninsa?

Daga tuddan kan iyakar Ingila da Sikotlan, inda makiyayi ɗaya kan riƙe ɗaruruwan tumaki a warwatse bisa duwatsu, wuraren da ƙafar mutum ba za ta tattaro su a yini guda ba. In aka bi salsalar yawancin boda kolin da ke raye yau, za a tarar da wani kare mai suna Old Hemp, wanda Adam Telfer ya samar a Northumberland a 1893, ya mutu a 1901. Abin da ya fito da shi shi ne aiki shiru: ba haushi, ba hargagi, tumaki kuma na tafiya inda yake so. Ƙungiyar karnukan kiwo ta ƙasa da ƙasa, ISDS, an kafa ta a 1906, sakatarenta James Reid ne ya fara kiran wannan iri da sunan da aka san shi yanzu a 1915.

Namiji kan kai santimita 48 zuwa 56 a kafaɗa, nauyi kilo 14 zuwa 20. Mace ta ɗan gaza haka. Yakan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya. Akwai mai dogon gashi, akwai mai gajere. Baƙi da fari ya fi yawa, amma akwai ja, akwai mai launi uku, akwai mai dabbare-dabbare. Makiyayin gaske ba ruwansa da launi.

Me ya sa yake tattara tumaki maimakon ya kashe su?

Domin aikin nasa farauta ce da aka datse wa ƙarshe. Kyarkeci in zai kama dabba, sai ya kafa mata ido, ya yi sanɗa, ya bi ta da gudu, ya cafke, ya kashe. Shekaru da shekaru na zaɓen iri sun ƙarfafa matakai ukun farko a jikin boda koli, suka raunana biyun ƙarshe. Shi ya sa za ka gan shi ya sauke kai ƙasa da kafaɗa, wutsiya a sake tsakanin ƙafafu, yana takawa kamar kyanwa ta hango ɓera, ido ƙyam a kan tunkiyar da ke jagorantar garke. Wannan kallon shi masu sana'ar ke kira "ido", kuma da shi yake tuƙa tumaki ba tare da ya taɓa su ba.

Abu na biyu da ke cikin jininsa shi ne zagayawa bayan garke ya turo shi zuwa wurin mutum. Ba a koya wa kare wannan. Ko dai an haife shi da shi, ko babu. Abin da horo ke ƙarawa birki ne da sitiyari kawai.

Zai tsare garke daga kura ko ɓarawo?

A'a. Gadi aikin wasu karnuka ne manya da ke kwana cikin garke, irin su Kangal na Turkiyya da Maremma na Italiya. Boda koli in aka bar shi da tumaki babu mai lura, juya su zai yi ta yi har su galabaita, masu ciki su yi ɓari. In ba aiki ake ba, a rufe shi ko a ɗaure shi inda ba ya ganin garke. A Birtaniya doka ta ba manomi damar harbe karen da ya kama yana addabar dabbobinsa in babu wata hanyar tsayar da shi.

Yaya ake zaɓen kwikwiyo?

A fara da iyayensa, a gan su suna aiki da ido, ba a hoto ba. A lura ko uwar na zagaya tumaki da faɗi, ko tana tsayawa in an ce ta tsaya, ko tana iya tunkarar tunkiya mai taurin kai ba tare da ta ja da baya ko ta kai cizo ba. Takardar rajista tana nuna inda aka dosa: ISDS da ƙungiyar ABCA ta Amurka, wadda aka kafa a 1983, aiki suke dubawa. Ƙungiyoyin nunin karnuka kuwa siffa suke aunawa, shi ya sa da AKC ta Amurka ta karɓi wannan iri a 1995 masu kiwo suka yi ta ƙorafi. Zuriyar nuni tana da kyau a ido, amma sau da yawa sha'awar tumaki ta yi rauni a cikinta.

Sai lafiya. Akwai cututtukan gado huɗu da ake ganowa da gwajin ƙwayar halitta daga yawu ko jini: CEA mai lalata bayan ido, TNS mai hana ƙwayoyin garkuwar jiki fita daga ɓargo, CL mai cin ƙwaƙwalwa, da IGS mai hana hanji tsotsar bitamin B12. Dukansu sai kwikwiyo ya gado daga uwa da uba sannan ciwon ke bayyana. In iyaye biyun suna ɗauke da ƙwayar, kowane kwikwiyo na da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa. In ɗaya ne kawai ke ɗauke da ita, babu wanda zai kamu. A nemi sakamakon hoton ƙugun iyaye. Farfaɗiya tana yawo a wannan iri, kuma tambaya ce kawai ke tona ta: a bincika ko an taɓa samu a 'yan'uwan uwa ko na uba. Kada a sayi kwikwiyon da uwarsa da ubansa duka masu dabbare-dabbare ne, irin launin da ake kira mal. Kusan ɗaya cikin huɗu na irin wannan haɗi kan gaji launin daga uwa da uba duka, kuma irinsu suna cikin hatsarin fitowa kurma, ko makaho, ko duka biyu.

Ana ɗauko kwikwiyo yana da mako 8. A guji wanda ke laɓewa a lungu in an tafa hannu. Wanda kuma ya ce maka zai iya gane zakaran gasa tun yana mako 8, ciniki yake nema.

Me ake koya masa kafin ya ga tunkiya?

Sunansa, zuwa in an kira shi, kwanciya in an ce ya kwanta, tafiya da igiya ba ja, da zama shiru a keji ko a ɗaure. Darasi na minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, ya wadatar. Ana sa masa igiya mara nauyi mai tsawon mita 5 zuwa 10 yana jan ta a ƙasa. In an kira ya yi kunnen ƙashi, sai a taka igiyar a janyo shi a hankali, ya zo a yaba masa. Kada a taɓa kiran kare don a hukunta shi. Sau biyu ya isa ya koyi cewa zuwa wurinka hatsari ne.

Kafin ya cika mako 14 zuwa 16 ya kamata ya saba da mutane iri-iri, ƙarar inji, shiga mota, da wasu karnuka masu rigakafi. Boda koli kare ne mai saurin razana da ƙara, abin da bai saba da shi a wannan lokaci ba yakan zame masa dodo har girma. Allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo, musamman fabo da distamfa, ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare daga mako 12.

Abubuwa biyu da ke ɓata kwikwiyo tun bai fara aiki ba: barinsa yana korar kaji yadda ya ga dama, da ajiye kejinsa inda zai wuni yana kallon tumaki ta shinge. Na farko yana koya masa kora ba mutum a ciki. Na biyu yana maida shi mai kafewa wuri ɗaya yana kallo.

Yaushe ake kai shi ga tumaki, kuma yaya darasin farko yake?

Yawanci tsakanin wata 9 zuwa 12. Dalilin jira biyu ne: sai ƙafarsa ta fi ta tumaki sauri zai iya shan gabansu, kuma sai hankalinsa ya yi ƙwarin da zai ɗauki tsawa ba tare da ya yi zuciya ya bar aikin ba. Tunkiya ɗaya mai shayarwa in ta tunkuyi kwikwiyo ɗan wata 5, tana iya kashe masa gwiwa na tsawon watanni.

A samo tumaki 4 zuwa 6 waɗanda suka saba da kare, babu rago, babu mai ɗa. A sa su a zagayayyen shinge mai faɗin mita 15 zuwa 20, ko ƙaramin fili da aka toshe kusurwoyinsa, don tumaki kan cusa kai a kusurwa, kare kuma ya rasa yadda zai fito da su sai da haƙori.

Ka ɗauka garken fuskar agogo ce. Kai kana ƙarfe 6, wurin kare ƙarfe 12. Ka sake shi, ka matsa yadda zai samu hanyar zagayawa bayansu. Da ya isa can, ka fara ja da baya, tumakin su biyo ka, shi yana bayansu. Ka karkata hagu, za ka ga ya gyara tsayuwa da kansa don ya sake zama a ƙarfe 12. Ka karkata dama, haka. Wannan daidaito shi ne tushen komai, kuma jikinka ne ke koyar da shi, ba bakinka ba. In ya matso tumaki da yawa yana zagayawa, ka shiga tsakani ka miƙa sanda wajen kafaɗarsa ko ka buga ta a ƙasa, ya buɗe. Sandar ta nuni ce da tare hanya, ba ta duka ba.

A kwanakin farko kada a cika shi da umarni. Sai ya riga ya fara zagayawa ta wani gefe sannan a furta kalmar wannan gefen, har kunnensa ya haɗa kalma da aiki. Kusan kowane kare yana da gefen da ya fi so. A matsa masa ya yi ɗayan ma daidai wa daida, in ba haka ba ranar da ake buƙata zai ƙi. Minti 10 ya isa. A tsaya tun yana marmari, a kira shi, a fita tare.

Bayan 'yan makonni a bar zagayayyen shingen a koma fili mai faɗi, a kuma riƙa sauya tumaki. Tumakin horo in sun daɗe sukan gane dabara: da sun ga kare sai su ruga su manne a gwiwar mutum. Daga nan kare ba ya ƙara koyon komai, sai ma ya ɗauka gudu a bayansu shi ne aiki.

Waɗanne umarni ake amfani da su?

A Birtaniya "come bye" na nufin ya zagaya garke ta yadda hannun agogo ke tafiya, "away to me" akasin haka. "Lie down" ya tsaya, "walk up" ya tunkari tumaki, "steady" ya rage sauri, "look back" ya juya ya nemo waɗanda aka bari a baya, "that'll do" aiki ya ƙare, ya dawo. A lura, umarnin zagaye ba dama da hagu ba ne na mutum, alkiblar kewaya garke ce, duk inda kare yake tsaye. Wasu makiyaya sukan juya ma'anar kalmomin biyun farko, don haka mai sayen horarren kare ya tambaya.

Kare bai san Turanci ba. Mai Hausa zai iya cewa zaga, koma, kwanta, matso, sannu, waiwaya, ya isa. Sharaɗin kawai kalmomin su zama gajeru, kada biyu su yi kama a kunne, kada kuma a sauya su.

In nisa ya yi, murya ba ta kai wa, sai usur. Usur ɗin makiyaya ɗan faifai ne mai siffar rabin wata da ake sawa cikin baki a kan harshe; yakan ɗauki mutum kwanaki kafin ya fitar da sauti mai kyau, kuma gara a koya a nesa da kare. Ana busa sautin, a biyo shi da kalmar da kare ya riga ya sani, a hankali a janye kalmar. Usur yana da wata fa'ida: ba ya ɗaukar fushin mai busa shi kamar yadda murya ke yi.

Yaya ake koya masa ɗauko tumaki daga nesa?

A kwantar da shi mita 20 zuwa 30 daga garke, mutum ya tsaya tsakani, kusa da tumakin, sannan a tura shi. Tsayuwar mutum a nan ce ke tilasta masa buɗewa. Sannu a hankali mutum ya riƙa komawa kusa da kare, nisa kuma yana ƙaruwa. Gudun da ake so kamar ƙwai yake: ya fita a ɗan tsuke daga ƙafar mai shi, ya yi ta buɗewa, ya sauka can bayan tumaki da tazara, ba tare da sun ɗaga kai ba. Sai ya tako a natse ya tashe su. Wannan taɓawar farko ita ke yanke yadda sauran aikin zai kasance; tumakin da aka tasa a firgice ba sa sake natsuwa. Duk ranar da gudun ya lalace, a rage nisa zuwa inda yake yin daidai.

Karena yana cizon tumaki. Mugunta ce?

Da wuya. Yawancin cizon ƙaramin kare tsoro ne ko zumuɗi. A duba lokacin da yake faruwa: a kusurwa, ko sa'ad da tunkiya ɗaya ta ɓalle, ko bayan an daɗe ana aiki ya gaji, ko lokacin da mai shi ke ihu. Alamar tana zuwa kafin cizon: wutsiya ta tashi sama, kai ya ɗago, kafaɗa ta juyo ciki. A nan ake tsawatawa da murya mai kauri a tura shi waje, ba bayan ya riga ya cika baki da gashi ba. Kama tunkiya a ciki ko a cinya a rataye laifi ne. Amma ɗan cizo a hanci ga ragon da ya taso masa, bisa umarni, makiyaya suna so. Karen da aka hana wannan gaba ɗaya raguna za su raina shi. A gasa dai cizon da ba dalili kan fitar da kare.

Sauran kurakuran fa?

Mai ratsa tsakiyar garke ya tarwatsa shi, an tura shi daga nisan da ya fi ƙarfinsa ne. Mai "ido" da yawa, wanda ke kafewa a kwance yana kallo ya ƙi tashi, a daina yawan kwantar da shi, a ba shi garke babba mai tafiya, tumaki 30 ko fiye, inda babu fuska ɗaya da zai kafa wa ido. Mai waiwayen mutum kowane taku, an cika shi da umarni har ya daina tunani. A yi shiru a bar shi ya kawo tumakin da kansa. Mai barin aiki ya tafi shinshine-shinshine ko cin kashin tumaki, ba raini ba ne, matsi ne ya yi masa yawa.

Me ya sa kora tumaki gaba ta fi wuya?

Saboda ta saɓa wa jininsa. Shi so yake ya kawo maka, kai kuma kana cewa ya tafi da su. Ba a fara wannan sai ɗaukowa ta zauna daram. Mutum ya yi tafiya a gefe, kare a bayan tumaki, shinge a ɗaya gefen yana taimakawa. Duk sanda ya so sulalewa ya sha gabansu, a kira sunansa a tsayar da shi, a ce ya matso. Mita 10 a yau, 20 a mako mai zuwa, mutum yana ja baya kaɗan-kaɗan har kare ya saba da tafiya shi kaɗai. A riƙa cakuɗa darasin da ɗaukowa, kada a gyara ɗaya a ɓata ɗaya.

Ware wasu tumaki daga garke ana fara shi da garke babba: mutum a gefe ɗaya, kare a ɗayan, in gibi ya buɗe a tsakiya sai a kira shi ya shigo ta ciki ya fuskanci waɗanda ake so a riƙe.

Yaya gasar kiwon take?

Gasar farko da aka rubuta tarihinta an yi ta a Bala, ƙasar Wels, a 1873. A gasannin ƙasa na ISDS ana ajiye tumaki 5 a nisan yadi 400, a ba kare minti 15, maki 110. Gudun fita maki 20, tasowa 10, kawowa a miƙe ta tsakanin ƙofofi 20, kora a kan hanya mai kusurwa uku ta yadi 450 da ƙofofi biyu 30, ware biyu a cikin da'ira mai faɗin yadi 40 maki 10, shigar da su ƙaramin keji 10, ware guda ɗaya 10. Ba a tara maki, cirewa ake yi: kare na farawa da cikakku, alƙali yana zaftarewa a kan kowace karkata daga miƙaƙƙen layi da kowane umarnin da bai kamata a buƙata ba. Mai kare yana tsaye a jikin turke har sai tumaki sun shiga da'irar warewa.

A zagayen ƙarshe na babbar gasar shekara, tumaki 20 ne a rukuni biyu, nisan kusan yadi 800, minti 30. Kare ya ɗauko goman farko, a ce masa ya waiwaya, ya bar su ya koma neman goman da ba ya gani. Gasar duniya kuwa an fara ta a 2002, a Balan dai.

Ba ni da tumaki. Waɗanne wasanni ne suka dace da shi?

Mafi shahara shi ne ajiliti, wasan tsallake-tsallake, wanda aka fara nunawa a bikin karnuka na Crufts a Ingila a 1978. Kare na bin jerin shingaye kusan 20 ba igiya, mai shi na gudu yana nuna masa hanya: sandunan tsalle, bututun ratsawa, taya, gada, lilo, tudu mai siffar rufin ɗaki, da sanduna 12 a jere, tazarar santimita 60, da zai saƙa jikinsa a tsakaninsu, yana shiga da sandar farko a kafaɗarsa ta hagu. A ƙarshen gada da tudu da lilo akwai wuri mai launi daban da dole ƙafarsa ta taɓa. Kayar da sanda ko tsallake wannan wuri laifi ne na maki 5. Boda koli ya mamaye wasan har a Birtaniya aka ware wani aji mai suna ABC, na kowane kare ban da koli.

Kada a sa shi cikakken tsalle ko saƙar sanduna kafin ya shekara, domin ƙasusuwansa ba su gama rufewa ba. A Birtaniya ba ya shiga gasa sai ya kai wata 18. Kafin nan a yi aikin ƙasa: sanduna a kwance, juyawa dama da hagu, jira a layin farawa, taka katako mai motsi. Ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10 kafin gudu yana rage raunin kafaɗa da na tsokar cinya, waɗanda su ne suka fi kama waɗannan karnuka. Yawancin sandunan da boda koli ke kayarwa laifin mai shi ne: ya ba da umarnin juyawa kare yana sama, ya waiwayo, ƙafar baya ta sauka.

Akwai fulaibol, tseren miƙa-miƙa na karnuka huɗu: kowanne ya tsallake shingaye huɗu a layi mai ƙafa 51, ya taka akwati ƙwallo ta fito, ya cafe ya dawo. Tsayin shingayen da ƙaramin kare na ƙungiya ake auna shi. A koya masa juyawa da ƙafafu huɗu a jikin akwatin tun farko. Mai dukan akwati da ƙafafun gaba kai tsaye wuyan hannunsa ne zai biya. Akwai kuma cafe faifai, gasar biyayya, da neman abu da hanci.

Motsa jiki nawa yake buƙata? Nawa ba ya gajiya.

Babban kare yana son awa ɗaya zuwa biyu a rana, amma gudu kaɗai ba ya kwantar da shi, ƙara masa ƙarfi yake yi. Wanda ake jefa wa ƙwallo awa guda kullum yakan zama ɗan maye: ido a kan ƙwallo, jiki na rawa, ba ya iya kwanciya. Minti 15 na aikin ƙwaƙwalwa ya fi gajiyar da shi. Wata boda koli mai suna Chaser a Amurka ta riƙe sunayen abubuwa 1,022. Ƙwaƙwalwa irin wannan in ba a ba ta aiki ba, za ta nemo wa kanta. Abin da take nemowa kuwa shi ne bin motoci da babura, tare yara masu gudu da cizon dugadugansu, da farautar inuwa. Kada a taɓa yi masa wasa da hasken tocila ko na leza a bango, yana iya zame masa ciwon da ba ya barinsa. A koya masa kwanciya a tabarmarsa kamar yadda ake koya masa kowane darasi, da lada, ana ƙara minti a hankali.

Abinci da magani fa?

Kwikwiyo sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Kare mai aiki kullum yana buƙatar abinci mai yawan mai da furotin, kuma babban cinsa da yamma ne bayan ya huce, ba dab da fita aiki ba. Ma'aunin jiki a hannu yake: a ji haƙarƙarinsa da ɗan shafawa, a ga ƙugunsa ya shiga in an kalle shi daga sama.

Karen kiwo yana iya zama shi ne mai sa wa garke cuta. In ya ci ɗanyen kai ko kayan cikin tunkiya, tsutsa mai faɗi takan zauna a hanjinsa, ƙwanta ya bi kashinsa zuwa ciyawa, tumaki su ci. Wani nau'inta kan yi ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa juyawa wuri ɗaya, wani kuma yana kama mutane. A hana shi mushe, a riƙa ba shi maganin tsutsa mai sinadarin furazikwantal duk wata ɗaya zuwa mako 6.

A yi hattara da aibamektin, maganin da ake ɗura wa tumaki. Wasu karnukan dangin koli suna da tawayar gado mai suna MDR1 da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa a boda koli kamar a sauran danginsa, amma ko lafiyayyen kare in ya lashi wanda ya zube a ƙasa zai iya makancewa, ya yi ta rawar jiki, ya suma. Ranar ɗura magani a kulle shi, kuma kada a yi masa allurar dabbobi da ƙiyasi ba likita.

Zai iya zama a ƙasa mai zafi kamar tamu?

Yana aiki a Ostareliya da Afirka ta Kudu, don haka zafi bai hana ba, amma da sharaɗi. Zafin jikin kare na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 41 rai na cikin hatsari, boda koli kuma ba ya tsayawa da kansa. Harshe ya yi faɗi ya zazzago, ya fara jinkirin bin umarni, ƙafar baya na tangaɗi: a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi, a nemi likitan dabbobi. Aiki da asuba ne da bayan la'asar sakaliya, da kwatarniyar ruwa da zai iya shiga. Kada a aske shi, gashin na kare fatarsa daga rana. Tajewa ake yi. Akwai kuma wata lalura ta wannan iri, inda bayan minti 5 zuwa 15 na aiki mai tsanani kare kan rikice ya yi ta layi kamar mai maye, ya dawo daidai cikin kusan rabin awa. Mai ita ba a matsa masa.

A ƙasar Hausa mai gajeren gashi ya fi dacewa, don ƙarangiya za ta cika mai dogon gashi har tsakanin yatsu. Kaska na kawo cututtukan jini masu kisa ga karen da aka shigo da shi, rigakafinta ba a fashi. Ta fuskar addini, hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya keɓe karen kiwo da na farauta da na gona daga hanin ajiye kare. Babbar tambaya ita ce ko akwai aikin. Makiyayinmu yana tafe ne tare da garkensa, tumaki sun san muryarsa suna binsa. Uda da Balami da ba su taɓa ganin kare mai aiki ba za su watse ko su juyo da faɗa, sai an saba musu a hankali da ƙwararren kare. Inda zai yi amfani sosai shi ne babbar gona mai shinge, mai tumaki da yawa da ma'aikata kaɗan.

Tsawon wane lokaci horon ke ɗauka, kuma nawa ake sayar da horarre?

Wanda aka fara da shi yana wata 10, ana yi masa darasi sau 4 ko 5 a mako, yakan fara amfani a ƙananan ayyukan gona cikin wata 3 zuwa 6. Cikakken kare sai wajen shekara 2 zuwa 3, ganiyarsa daga 4 zuwa 7, kuma da yawa suna aiki har kusan 10. Ana gwanjon horarrun karnuka a wurare irin su Skipton a arewacin Ingila. A 2021 an sayar da wata karya 'yar shekara ɗaya mai suna Kim a kan fam 27,100 a gwanjon Dolgellau da ke Wels. Wannan farashin ya kafa tarihi a lokacin, na gona bai kusanci haka ba. Mai sayen horarre ya nemi a naɗar masa sautin usur ɗin tsohon mai shi, ya kuma ba karen mako 2 zuwa 3 yana ci daga hannunsa, yana yawo da shi da igiya, kafin ya kai shi gaban tumaki.